Nana Shefika Ta Rantse Sai Ta Karya Shafin

"Wa alaikumus salamu, in ba yunwa ce ta koro ka ba. Cire takalmin nan a bakin ƙofa, yanzu uwarka ta goge ƙasan."

"Na cire, Nana. Ina wuni? Ya ƙafa?"

"Ƙafa tana nan tana jiran ranar da za ta hamɓare ka. Me ka saƙalo a hammata kamar ɓarawon faranti?"

"Aikina ne. Na kawo miki ki gani tun idon bai ƙarasa mutuwa ba."

"Idon da ya ga ranar da aka haife ka bai mutu ba, ai babu abin da zai kashe shi."

Ina kicin ina murza ƙullin pita, gashinmu na fulawa mai dankali a ciki, ina jin su. Tsohuwar nan mahaifiyata ce, Shefika. Mai kwamfuta a hammata kuwa autana ne, Vedad. Tun yana rarrafe suke wannan faɗa, na daɗe da daina raba su. Abin da ya sa nasu ya fi na kowace kaka da jika a unguwarmu ta garin Tuzla zafi shi ne sana'arsu ɗaya. Ita ta yi ƙuruciyarta a ɗakin kwamfuta na masana'antar gishiri, tana rubuta wa na'ura umarni a kan katuna masu huji. Shi kuma shafukan intanet yake ginawa, shi da abokansa, a wani ɗan ofis da ke saman shagon aski.

A ranar da nake ba ku labari, wasan yana da nauyi a ƙarƙashinsa. Wani kamfanin motocin safa ya ba su Vedad aikin sabon shafin sayar da tikiti, saboda tsohon yana haɗa mutum biyu a kujera ɗaya. Ranar Litinin mai kamfanin zai zo ya gwada da kansa. In ya karɓa, ofishin ya tsaya da ƙafarsa. In bai karɓa ba, akwai aikin da ke jiran Vedad a Jamus, kamar yadda ya jira 'ya'yan rabin maƙwabtanmu. Duk mun san haka, babu dai mai faɗa.

Vedad ya ajiye kwamfutar a kan tebur, ya ture tiren gahawa gefe.

"Na ji za ki Mostar jinyar Inna Munebera. Yau da hannunki za ki sayi tikitin, a shafina. An buɗe mana wannan hanyar don gwaji, tikitin gaske ne."

"Ni? In hau motar da kai ka sayar da kujerarta? So kake in sauka a Zenica a cinyar wani ƙato?"

"Wancan tsohon shafin ne, wanda aka rubuta da salonku na mutanen da."

"Wane salon namu, ɗan nema?"

"Salon kwamanda. Yi kaza. In ka gama, yi kaza. Idan kaza ya faru tafi can, idan bai faru ba dawo nan. Layi a bayan layi, kamar mai yi wa kurma kwatancen gidan biki."

"To da me za a yi wa na'ura magana? Da waƙa? Na'ura jaka ce, sine." Haka take kiran duk wanda ta haifa ko ta goya. "Sai ka riƙe mata igiya taku bayan taku. Ni tawa girmanta ya kai gidan nan har da baranda, amma in na yi tari sai ta ƙame."

"Tsoron warin tafarnuwa ne."

"Ladabi ne! Ban taɓa barin ta ta yi tunani da kanta ba. Kai fa? Me kake gaya wa taka?"

"Ni ba na gaya mata yadda za ta yi tafiya. Taswira nake zana mata." Ya juyo da fuskar kwamfutar wajenta. "Kin gani? Ga ɗakin zaɓen gari. Ga ɗakin zaɓen kujera. Ga na biya, ga na karɓar tikiti. Na rubuta ƙofar da ke fita daga kowane ɗaki, da abin da zai sa ta buɗe. Shi ke nan. Duk inda mutum yake, manhaja ta duba taswira ta san inda aka yarda ya je. Ƙofar da ban zana ba, babu ita."

Mahaifiyata ta sauko da tabarau kan hanci, ta leƙa, ta ja tsaki.

"Wannan ne aikin? Bai kai tsawon addu'ar cin abinci ba. A kan wannan ake kiranka injiniya? Ni shirin albashin masana'anta da na rubuta, maza biyu ke ɗaukar akwatin katunansa."

"Na ji labari. An ce ƙasar da kika fara rubuta shi a cikinta ta watse kafin ya kai layin ƙarshe."

"Ƙasar ta watse, shirina bai watse ba. Kai kuma malalaci ne. Ka zana ɗakuna ka koma ka kwanta, ka bar wa na'ura aikin."

"Ke kuma ba ki yarda da kowa ba. Ko ruwan zafi kika ɗora sai kin tsaya a kansa kina ba shi umarnin tafasa."

"Shi ya sa bai taɓa ƙonewa ba."

Na leƙo daga kicin na ce su rage murya, maƙwabta za su zaci gado ake rabawa. Babu wanda ya kalle ni.

"Saurara, Nana," in ji Vedad. "Naki salon yana da kyau lokacin da mutum ɗaya ke zuba katuna, ya zauna ya naɗe hannu har a gama. Yanzu kuwa mutane ne a kan waya. Wani yana tsakiyar saye sai yaro ya ɓare da kuka, ya tashi. Wani ya danna koma-baya. Wani ya buɗe shafin sau biyu. Umarninki yana layi na kaza yana jira, shi mutumin ya tsallaka taga ya shigo ta bayan gida. Sai ki yi ta ƙara 'idan kaza, idan kaza' har rubutun ya cukurkuɗe, ke kanki ki rasa kansa."

"Ni ban taɓa rasa kan abin da na rubuta ba. In ya lalace, yatsa nake ɗorawa a kan layi in ce ga mai laifi. Kai in naka ya lalace wa za ka kama? Taswira? Ko aljanin da ke bin ta, wanda wasu suka rubuta a wata ƙasa, ba ka taɓa ganin cikinsa ba?"

Vedad ya sosa ƙeya. "Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya. Ranar da ya ƙi, sai na kwana biyu ina lallashi."

"Ƙamshi? Gaskiya ce da tururinta. Matsa can. Na rantse da gashin kaina da ya yi fari a kan katuna, yau sai na karya abin nan kafin uwarka ta sauke pita."

"In kin karya fa?"

"Ka fita baranda ka gaya wa duk unguwa cewa kakarka ta fi ka."

"In kin kasa?"

"Ba a haifi ranar ba."

Ta gyara ɗankwali, ta naɗe hannun riga kamar mai shirin wanki. Da yatsa ɗaya take danna maɓallan, amma yatsan bai manta hanya ba. Ta zaɓi Mostar, ta zaɓi safiyar Laraba, ta ɗauki kujera ta gefen taga. Sai ta danna koma-baya, ta sake dannawa, ta yi gaba, ta sake yin baya, tana murmushin mugunta.

"Ina kujerata?"

"Ga ta can, ba ta motsa ba. Har sunanki yana nan."

"Sa'a ce."

Ta zaro wayarta daga aljihun riga, ta sa ya buɗe mata shafin a ciki. Ta nemi mota ɗaya, rana ɗaya, kujera ɗaya. Wayar ta nuna mata kujerar a rufe, an rubuta cewa wani fasinja yana riƙe da ita.

"Wane mara kunya ne ya riƙe mini kujera?"

"Ke ce. Wata tsohuwa ce mai rigima a kan kwamfuta ta riga wata tsohuwa mai rigima a kan waya."

"Allah ya isa tsakanina da ita."

Daga nan sai ta miƙe, ta ce la'asar ta yi. Ta shige ɗaki ta bar shafin a buɗe a gaban wurin biya. Na san mahaifiyata. Sallarta ba ta da tsawo haka. Ranar kuwa ta yi nafila, ta yi lazimi, ta fito ta shayar da furannin baranda, ta tsaya ta tambayi maƙwabciyarmu lafiyar kyanwarta. Vedad ya shigo kicin ya tsinci dankali a bakin tire, na buge masa hannu. Hannun sanyi ƙalau.

"Tsoro kake ji?" na tambaye shi a hankali.

"Mama, in akwai rami gara ita ta faɗa da mai kamfani ya faɗa."

Da ta dawo ta zauna, shafin ya rubuta mata cewa lokaci ya ƙure an saki kujerar, amma har yanzu babu wanda ya ɗauka, ko tana so a mayar mata?

"Ka ji ladabin munafunci," in ji ta. "Wa ya gaya masa na tashi?"

"Babu. Akwai ƙofar da agogo ke buɗewa. Na zana ta ne musamman saboda masu doguwar sallar gayya."

"Za ka ci gidanku."

"Nan ne gidan namu, kuma ci na zo yi."

Ta mayar da kujerar, ta yi gaba. Sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallon allon, ta daina murmushi. Ta danna wuri ɗaya, ta danna wani.

"Zo nan, mai taswira. Yana tambayata ranar dawowa."

"To ki sa mana."

"In sa me? Ƙanwata ce kwance an yi mata aiki a ƙugu. Ni na san ranar da za ta miƙe? A tasha, in na ce wa yarinyar nan zuwa da dawowa, rana a buɗe, sai ta buga mini hatimi kawai. Naka ya ce ko in faɗi rana, ko in sayi zuwa kaɗai. Mu da muke tafiya jinya da gaisuwar mutuwa, mu ne rabin motar nan. Ina ƙofarmu?"

Vedad ya sunkuya. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya buɗe taswirarsa ya bi ta da ido daga sama har ƙasa.

"Babu," ya ce.

"Me ka ce? Kunnen ya tsufa."

"Na ce babu ƙofar, Nana."

Ta tafa hannu har tabarau ya zame. "Ƙofar da ban zana ba, babu ita! Da bakinka ka faɗa! Ka gina gida mai kyau ka kulle tsofaffi a tsakar gida. Baranda tana can, maza fita. Fara da sunana cikakke."

"Tsaya tukuna. Kin ce kafin a sauke pita. Mama, an sauke?"

Na duba murhu. Na ce saura kaɗan, samanta bai yi ja ba.

"Kin ji. Ba ni kujerar."

"Me za ka yi? Wannan gyaran ai na mako guda ne. Sai ka bi duk inda aka ambaci ranar dawowa, ka warware, ka sake ɗinkewa, ka yi addu'a kada wani wuri ya ɓalle. Na san shi, na sha shi. An taɓa ƙara mana alawus ɗaya a albashi, sai da na manta kamannin 'ya'yana."

Wannan gaskiya ne, ni ce 'ya'yan.

Vedad ya zauna a gaban kwamfutar. Ma'ajiyar tikitin kamfanin dama ta san tikiti mai buɗaɗɗiyar rana, tunda ana sayar da shi a tasha, shafin ne kawai bai da hanyar zuwa wurin. Ya ƙara layuka kaɗan a taswirar, ya sa wa sabuwar ƙofar suna, ya nuna inda take fita da inda take shiga. Ya saki wasu gwaje-gwaje suka bi duk ɗakunan da gudu, suka dawo kore. Mahaifiyata tana tsaye a bayansa, hannu a ƙugu, leɓenta yana motsi tana karanta abin da yake rubutawa.

"Sauran wuraren fa? Ba za ka taɓa su ba?"

"Ba ruwansu. Kowane ɗaki ƙofofinsa kawai ya sani."

Ya tashi ya ba ta wuri. Ta sabunta shafin. Ga shi nan a ƙarƙashin ranar dawowa, an ƙara wurin dannawa: ban san rana ba tukuna. Ta danna, ya wuce da ita wurin biya salin alin.

Ta yi shiru. Ni dai a rayuwata ban cika jin shirun mahaifiyata ba, har sai da na fito da tsumma a hannu in ga ko lafiya.

"Sihiri ne," ta ce daga baya. "Haramun ne ma."

"Biya dai, Hajiyar katuna."

Ta sa lambar katinta. Da ta zo kan maɓallin biya, sai ta danna shi sau uku a jere, da ƙarfi.

"Nana!"

"Hannun tsufa ne, rawa yake."

Saƙo ɗaya ya shigo wayarta daga banki. Tikiti ɗaya ya fito. Ta ƙura masa ido, sannan ta juyo a hankali.

"Buɗe mini cikin ɗakin biyan nan."

"Me za ki gani a ciki? Ƙura ce kawai."

"Buɗe, na ce."

Ya buɗe yana kallon silin. Ta bi rubutun da yatsa, tana fassarawa da ƙarfi. "Riƙe kujera. In ta riƙu, tambayi banki. In banki ya yarda, buga tikiti. In bai yarda ba, saki kujera." Ta cire tabarau. "Vedad ɗan Amira. Wannan salon wa?"

"Wuri ne da dole abu ya bi abu, Nana. Ba a buga tikiti kafin..."

"Salon wa?"

"Naki."

"Ƙara murya, uwarka ba ta ji ba."

"Naki ne! Nan kaɗai!"

"Nan kaɗai, wurin da kuɗin mutane yake! Wato zane-zanen na ado ne, da aka zo inda ake tsoron Allah sai aka nemo kaka. Falo naka, amma tukunya tawa."

"Ɗaki ɗaya a cikin gida guda, shi ma haya na ba ki."

"Ni na haifi uwar mai gidan, ja'iri."

Na sauke pita. Babu wanda ya fita baranda. Kowa ya ce shi ya ci, suka cinye rabin tire suna gardamar wa zai wanke faranti, daga ƙarshe ni na wanke.

Ranar Litinin mahaifiyata ta wuni tana share inda ta riga ta share. Ta haɗa jakar Mostar ta warware, ta sake haɗawa. Ba ta ambaci sunansa ba ko sau ɗaya, amma duk motar da ta tsaya a ƙasa sai ta ɗaga labule. Da yamma muka ji takunsa a matakala, bibbiyu yake haɗawa.

"Salamu alaikum, mutanen zamanin katuna!"

"Wa alaikumus salamu. Sun kore ka?"

"Sun karɓa, Nana. Har hanyoyin ƙasashen waje sun ce mu haɗa musu. Muna nan."

Na zauna a kan kujerar kicin. Ita kuwa ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Mai kamfanin ya danna koma-baya?"

"Har ya gaji."

"Tikitin jinya fa?"

"Shi ya fara nema. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa sayen wani iri ba. Ya tambaye ni yadda aka yi yaro kamata ya tuna da shi."

"Ka ce masa me?"

"Na ce muna da wata tsohuwar ma'aikaciya mai gwaji, ba ta da albashi sai baki."

"Allah ya shirye ka." Ta shige ɗaki. Muka ji tana jan aljihun kabad. Ta fito da wani abu a naɗe cikin jarida, ta cilla masa a ƙirji. Ya warware. Safa ce ta ulu mai kauri, ruwan toka, saƙar hannu.

"Tun lokacin kaka nake saƙa ta a ɓoye," in ji ta, ba ta kalle shi ba. "An ce sanyin Jamus ba shi da mutunci. To ka sa ta a nan, namu ma ba baya ba ne."

Vedad ya riƙe safar. Na ɗauka zai rungume ta, sai na ga ya ɗaga su sama yana gwada tsawonsu.

"Nana, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wannan ta ƙafata ce, wannan ta raƙumin dawa."

"Ba laifina ba ne. Salonka na gwada."

"Wane salo?"

"Na zana wa allura taswirar ƙafa, na ce ta nemi hanya da kanta."

Ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Ita ma ta riƙe, ta riƙe, ta kasa, ta dafa bango tana share ido da gefen ɗankwali.

"Tashi, mai taswira," ta ce. "Gidanka ya tsayu, na yarda. Amma in ka gaya wa kowa na faɗa, zan ce tsufa ne."